Matsalolin Hoto a Tsofaffin Wasannin Kwamfuta da Yadda Ake Gano Tushensu Idan An Bi da Su ta Manhajar Tafinta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wata matsala da takan fuskanci duk wanda ya yi niyyar kunna wasan kwamfuta na shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 a kan na'urar yau. Sau da yawa wasan yakan tashi, a ji sauti garau, maɓallai kuma su amsa, amma hoton ya fito a gurɓace. Wani lokaci launuka su rikice, wani lokaci mutane su koma baƙaƙen dunƙule, ko bango ya riƙa ƙyaftawa, ko kuwa hazon da aka san yana wurin a neme shi a rasa. Abin da nake son in nuna shi ne yawancin waɗannan lahani asalinsu guda ne, watau wani zato da mai rubuta wasan ya yi game da na'urar zamaninsa, wanda na'urar yau ba ta cika shi. Saboda haka gyara yana farawa ne daga gano wane zato ne ya rushe, kuma a wane mataki ya rushe.

Mai yiwuwa wani ya ga kamar batun wasa bai cancanci zama irin wannan ba. To amma a shekarar 2023 cibiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Ke nan manazarcin da ke son ya duba fasahar zane ko salon ba da labari na wancan zamani ba shi da abin dogaro sai tsohon faifai da manhajar da za ta iya karanta shi. In manhajar ta nuna masa hoton da ba shi ne ba, shi kuwa bai sani ba, to, a kan ƙarya zai gina nazarinsa.

2.0 Matakan da hoto ke bi

Kafin mu shiga cikin lahanin kansu, ya kamata mu san hanyar da hoto ke bi kafin ya iso allo. Wasa ba ya zana kome da kansa. Umarni yake bayarwa cikin wani harshe da aka tsara, harshen ya miƙa wa direban katin hoto, direba ya sarrafa katin, katin kuma ya aika wa allo. Harsunan wancan zamani su ne DirectDraw da Direct3D na kamfanin Microsoft, waɗanda suka fara bayyana a tsakiyar shekarun 1990, da OpenGL, da kuma Glide na kamfanin 3dfx, mai katin Voodoo na 1996. Kamfanin Nvidia ya saye kadarorin 3dfx a ƙarshen 2000, daga nan ba a sake ƙera katin da ke jin Glide ba.

Manhajar tafinta tana shiga ne tsakanin wasa da direba, ta karɓi umarni cikin tsohon harshe ta mayar da shi cikin sabo. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce Wine, wadda aka fara a 1993, Alexandre Julliard kuma ya karɓi jagorancinta a 1994. Aikinta shi ne ta sa manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux da makamantansa. Sashenta mai suna WineD3D shi ke mayar da DirectDraw da Direct3D zuwa OpenGL. Daga baya Philip Rebohle ya fito da DXVK, wadda ke fassara zuwa Vulkan, harshen da aka ƙaddamar a 2016. Ta fara da Direct3D 11, aka ƙara mata na 9 a ƙarshen 2019, sa'an nan na 8 a 2024. Kamfanin Valve ya haɗa waɗannan cikin Proton a watan Agusta na 2018. A kan Windows ɗin kansa ma akwai tafintoci, kamar dgVoodoo2 da nGlide da DDrawCompat da cnc-ddraw, domin Windows na yau bai riƙe tsofaffin harsunansa yadda suke a da ba.

Wajibi ne a bambance tafinta da manhajar kwaikwayo. Ita ta kwaikwayo, kamar DOSBox wadda ta fito a 2002, ko PCem da 86Box, na'urar gaba ɗaya take ginawa cikin lissafi, har da furosesa da katin hoto. Tafinta kuwa magana kawai yake juyawa, aikin na'urar yau ce ke yin sa. Don haka ya fi sauri nesa ba kusa ba, don haka ne kuma ya fi yawan kuskure, gama akwai kalmomin tsohon harshe da ba su da takwara a sabo.

Abin lura a nan shi ne hanyar takan yi tsawo. Wasan 1999 da ke magana da Direct3D 6 ana iya bi da shi ta dgVoodoo2 zuwa Direct3D 11, DXVK ta karɓa ta mayar Vulkan, direban Mesa ya karɓa ya ba kati. Tafintoci biyu ke nan da direba ɗaya, kowanne kuwa yana iya zama mai laifi.

3.0 Launi

Mu fara da matsalar da ta fi kowace shahara. Wasanni irin su Age of Empires na 1997 da StarCraft na 1998 suna aiki ne da launuka 256. A wannan tsari ɗigon hoto ba ya ɗauke da launi, lamba yake ɗauke da ita daga 0 zuwa 255, ita kuma lambar tana nuni ne ga wani gurbi a cikin jadawalin launi. In gurbi na 40 ya ce kore, duk ɗigon da ke da lamba 40 kore ne. Wannan dabara ta rage yawan ma'adanar da ake bukata, ta kuma ba masu zane wata hikima: maimakon a sake zana ruwa don a ga yana gudana, sai a riƙa juya launukan wasu gurabu na jadawalin, ruwa ya yi ta motsi ba tare da an taɓa ɗigo ko ɗaya ba.

Zaton da aka yi shi ne jadawalin na wasan ne shi kaɗai muddin ya cika allo. Windows kuwa ya keɓe wa kansa gurabu 20, goma na farko da goma na ƙarshe. A zamanin Windows 7, watau daga 2009, shirin da ke kula da fuskar tebur, explorer.exe, yakan sake rubuta jadawalin alhali wasa na gudana, sai ciyawa ta koma shuɗiya da ja, ruwa ya yi ɗige-ɗige kamar zanen atamfa. Maganin da jama'a suka gano a lokacin shi ne su kashe wannan shiri kafin su kunna wasa, su tashe shi in sun gama. Ya yi aiki, amma magani ne irin na gaggawa. Da Windows 8 ya zo a 2012 sai aka daina sauya allo zuwa launi 256 na gaske, aka koma kwaikwayonsa, rikicin launi ya ragu, nauyin tafiya kuma ya maye gurbinsa a wasanni da dama. Abin da cnc-ddraw da WineD3D ke yi ya fi tsabta: su ne ke riƙe jadawalin a wurinsu, su fassara kowace lamba zuwa cikakken launi kafin hoto ya fita, ta yadda babu wani shiri da zai sa hannu.

Alamar wannan cuta a fili take. In siffofi suna nan daidai, gefunansu ba su motsa ba, launi ne kawai ya sauya, kuma ya sauya ne bayan an fita daga wasa an komo ko bayan wani ɗan fim ya ƙare, to jadawali ne. Kada a ɓata lokaci wajen sauya direba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, kuma ina ganin ta fi ta muhimmanci ga manazarci. Katunan farko masu zana siffa mai zurfi suna ajiye kowane ɗigo ne cikin bit 16: biyar na ja, shida na kore, biyar na shuɗi. Ja yana da mataki 32 ke nan kacal daga duhu zuwa haske, kore 64, shuɗi 32. Wannan bai isa a zana inuwa mai laushi ba, saboda haka katin yakan yi abin da zan kira yayyafi, watau ya cakuɗa ɗige-ɗige na launuka biyu makusanta cikin wani tsari, ido ya haɗa su ya ga launi na tsakiya. Katin Voodoo har da wata matata yake da ita a bakin fita, mai shafe yayyafin kafin ya isa allo, shi ya sa 3dfx ya yi iƙirarin cewa hotonsa daidai yake da na bit 22. Allo mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin kuma ya ƙarasa aikin, domin ɗigonsa ba shi da kaifin gefe.

Daga wajen 2006, lokacin da jerin GeForce 8 ya fito, katuna suka bar yin wannan yayyafi ga tsofaffin wasanni. Mu ɗauki Thief: The Dark Project na 1998 da System Shock 2 na 1999, waɗanda kusan duk abin da ke cikinsu a duhu yake faruwa. In hoto bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haske ba, matakan ja takwas kawai suka rage masa. Ba yayyafi, sai hasken fitila a jikin bango ya fito zobe-zobe, kowane zobe da iyakarsa, wasu da ɗan kore-kore domin kore ya fi sauran yawan matakai. Wanda bai taɓa ganin wasan a na'urar asali ba zai ɗauka haka masu shi suka zana, ya ce fasahar lokacin ce ba ta kai ba. Ana gyara wannan ta hanya biyu: ko a tilasta wa wasan zane cikin bit 32, kamar yadda gyaran DDFix da kuma NewDark na 2012 suka yi, ko a sa dgVoodoo2 ta dawo da yayyafin. Hanyar farko ta fi kyan gani, ta biyu ta fi kusa da abin da mutanen 1998 suka gani. Zaɓi tsakaninsu ya danganta ga abin da ya kawo mutum.

4.0 Abubuwan da katuna suka manta

Akwai wasu ayyuka da katunan da suka iya, na yau kuwa ba a gina su da su ba sam. Ɗaya shi ne sutura mai jadawali. Sutura a nan ina nufin hoton da ake lulluɓe siffa da shi don ta zama bango ko fuska ko riga. Final Fantasy VII na kwamfuta, wanda ya fito a 1998, yana bukatar katin da ke karɓar sutura mai launi 256. Jerin GeForce FX shi ne na ƙarshe a gidan Nvidia da ya karɓe ta, daga GeForce 6 na 2004 aka daina. Wani kuma shi ne hazo. Direct3D na da ya tanadi hanya biyu ta yin hazo, ɗaya ana lissafa ta a kusurwoyin siffa, ɗaya kuma daga jadawali ga kowane ɗigo. Thief II na 2000 da Star Wars: Shadows of the Empire sun dogara ga ta biyu. In tafinta ko direba bai cika ta ba hazo yakan ɓace, sai mai wasa ya hango ƙarshen duniyar wasan, inda gine-gine ke ɓullowa daga sarari, abin da aka sa hazon don ya rufe.

Batun nisa yana bukatar ɗan lissafi. Don kati ya san wane abu ke gaban wane, yakan ajiye wa kowane ɗigo lambar nisansa. Da bit 16 ana da lambobi 65,536, amma ba a raba su daidai wa daida ba. Kusan rabinsu suna ƙarewa ne tsakanin wuri mafi kusa da ake iya gani da ninkinsa biyu. In mafi kusa taku ɗaya ne, rabin lambobin sun tafi kafin taku na biyu, sauran rabin su ne za su wadaci duk abin da ke bayan nan har zuwa ƙarshen gani. Abubuwa biyu masu nisa da ke dab da juna, kamar allon sanarwa da bangon da aka manna shi, sai su sami lamba ɗaya, kati ya rasa wanda zai fifita, su yi ta ƙyaftawa. Masu wasanni da dama sun kauce wa wannan ta neman wani ma'auni dabam da ake kira na W, mai raba lambobin da adalci. Katunan yau ba su da shi. In tafinta ya ba wasa ma'aunin talaka mai bit 16 a madadinsa, ƙyaftawa ta dawo. Magani shi ne a tilasta ma'auni mai bit 24 ko 32. Alamarsa kuwa ita ce lahanin yana ƙaruwa da nisa, yana kuma sauyawa da zarar an motsa kaɗan.

Misali mafi tsanani a wannan babi shi ne Splinter Cell, wanda ya zo kwamfuta a 2003. An fara gina shi ne don Xbox, wadda katinta ɗan'uwan GeForce 3 ne, kuma cikakkiyar inuwarsa ta dogara ga wata dabara da katunan GeForce 3 da GeForce 4 Ti da FX ke yi. Sauran katuna inuwa mai rahusa suke samu. A magajinsa, Pandora Tomorrow na 2004, hasken fitilu da inuwoyi da yawa sukan ɓace ɗungum a katin zamani. Wasa ne da ake cinsa ta ɓuya a duhu da kauce wa haske. Mai wasa zai taka inda ya ga duhu, masu gadi su gan shi, domin a lissafin wasan yana tsaye ne tsakiyar fitila. A nan lahanin hoto ya zama lahanin ma'ana. dgVoodoo2 tana warware shi ne ta gabatar da kanta a matsayin GeForce 4 Ti 4800, ta kuma kwaikwayi dabarar.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da yake kama da almara, watau dole ne tafinta ya riƙa yin ƙarya. Wasa yakan tambayi kati sunansa da lambar maƙerinsa, 10de ga Nvidia, 1002 ga ATI da AMD, 8086 ga Intel, ya zaɓi hanyar zane bisa amsar. Yakan kuma tambayi yawan ma'adanar kati, ya zuba amsar cikin gurbin da bai wuce 2,147,483,647 ba, watau kimanin gigabayit 2. Kati mai gigabayit 8 ya faɗi gaskiya, lamba ta yi ambaliya ta koma sifili ko ƙasa da sifili, wasa ya yanke hukunci cewa katin matalauci ne ya sauke suturarsa zuwa mafi muni. GLQuake na 1997 da wasannin da suka gaji injinsa sukan kwafe jerin iyawar direban OpenGL cikin wani ɗan gurbi ƙayyadadde. Jerin yau ya ninka na wancan lokaci sau da yawa, wasa ya faɗi tun bai nuna kome ba. Direban Mesa ya tanadi MESA_EXTENSION_MAX_YEAR don a ce masa ya ambaci abin da aka sani kafin wata shekara kawai. Haka fayil ɗin dxvk.conf yake da wuraren sauya lambar maƙeri da rage yawan ma'adanar da za a faɗa wa wasa.

5.0 Inda lissafi ya saɓa

Baƙin ɗigo ko baƙar siffa dabam take da duk abin da ya gabata. A ƙa'idar Direct3D 9, sifili in aka ninka shi da kowane abu sifili ne, ko da abin nan lamba ce marar iyaka. A ƙa'idar lissafin da katunan yau ke bi, wannan ninki yana ba da sakamakon da ake kira ba-lamba-ba, wanda kuwa duk abin da ya taɓa ya zama irinsa, a ƙarshe ya fito a allo baƙi ƙirin. Masu rubuta wasa ba su yi kuskure ba a zamaninsu. Ƙa'idar ce ta sauya. DXVK tana da zaɓin d3d9.floatEmulation saboda wannan, in aka tsananta shi sai ta bi tsohuwar ƙa'ida ko da za a ɗan yi asarar sauri.

Amma fa ba kullum a nan gizo ke saƙa ba. A Mass Effect, wanda ya zo kwamfuta a 2008, mutane sukan koma baƙaƙen dunƙule a duniyoyin Noveria da Ilos ga masu furosesar AMD daga jerin Bulldozer na 2011 zuwa sama. Shekara da shekaru ana ta zato iri-iri. A 2020 wani mai gyaran wasanni da aka fi sani da Silent ya bi diddigin abin, ya tarar da shi a cikin wani lissafi na ɗakin karatun D3DX mai juya jadawalin lambobi, inda ɗan bambancin da bai kai ya kawo ba tsakanin sakamakon furosesar Intel da ta AMD yake girma har ya haifar da ba-lamba-ba. Da ya musanya wannan lissafi da wani mai daidaito sai mutane suka dawo. Katin hoto da direbansa ba su da hannu ko kaɗan.

Akwai kuma saɓanin rabin ɗigo. Direct3D 9 da magabatansa sun ɗauki tsakiyar ɗigo a wani wuri, OpenGL da Direct3D 10 zuwa sama suka ɗauke ta rabin ɗigo gaba. Tafintoci sun san da wannan suna kuma gyarawa, amma da zarar mai amfani ya tilasta wa wasan 640 sau 480 ya fito a 1920 sau 1440, gyaran da wasan kansa ya yi na rabin ɗigo ya daina dacewa. Sai rubutu ya dushe, siraran layuka su bayyana tsakanin gutsattsarin da aka jera aka yi fuskar zaɓi da su.

Wasannin DOS ba zan daɗe a kansu ba, domin DOSBox ta kwaikwayo ce, amma akwai kuskure ɗaya da ya zama ruwan dare har a hotunan da ake bugawa cikin littattafai. Yanayin VGA da Doom na 1993 da ɗaruruwan wasanni suka yi amfani da shi ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, an kuwa nuna shi a allo mai awon 4 da 3. Ke nan tsayin kowane ɗigo ya fi faɗinsa da kashi ɗaya cikin biyar. A allon yau mai ɗigo murabba'i hoton yakan fito a daɓare, da'ira ta koma ƙwai, mutane su gajarce. Zaɓin aspect=true yana gyara shi; mafi tsabta kuwa shi ne a ninka faɗi sau 5, tsayi sau 6, a sami 1600 sau 1200 cif.

6.0 Yadda ake bin sawu

Abu na farko shi ne a sami ma'auni, watau a san yadda hoton ya kamata ya kasance: hoton da aka ɗauka daga na'urar asali, ko na mujallun lokacin, ko yanayin zane na furosesa zalla wanda wasanni da yawa na kafin 2000 suka zo da shi. Wanda ba shi da ma'auni yana iya kwana yana gyaran abin da ba lalatacce ba. Sa'an nan a cire duk wani ƙari da aka yi, a koma girman hoto na asali, a kashe matatun gyaran gefe da na sutura da aka tilasta daga direba. A ganina kaso mai yawa na ƙorafin da ake yi daga nan yake fitowa, garin gyaran gira a rasa ido. Matatar da ke shafe sutura, alal misali, takan cakuɗa launin da wasa ya keɓe a matsayin wanda ba a gani da launukan kusa da shi, sai kowace bishiya da kowane shinge su fito da gefe mai ruwan hoda.

Bayan haka a nemi wuri guda a cikin wasan inda lahanin ke fitowa kowane lokaci, a ajiye wasa a nan, a riƙa komawa gare shi. Daga nan sai a sauya mataki ɗaya tak a kowane gwaji. A Proton, PROTON_USE_WINED3D=1 yana ture DXVK ya sa WineD3D a gurbinta. In lahanin ya tafi, yana cikin DXVK ko direban Vulkan. In ya tsaya yadda yake, sai a dubi wasan kansa ko abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai. Don a wanke direba ko a kama shi, LIBGL_ALWAYS_SOFTWARE=1 yana sa Mesa ya yi zanen da furosesa ba tare da kati ba. Zai yi nauyi ƙwarai, amma hoto ɗaya ya isa shaida. A kuma tabbata tafintan da aka sa shi ne ke aiki: Wine takan fifita nata ddraw.dll a kan wanda aka ajiye kusa da wasa sai an gaya mata ta WINEDLLOVERRIDES ko ta winecfg, mutum ya yi ta sauya zaɓuɓɓukan manhajar da ba a ma ɗora ta ba. Tsofaffin wasanni kuma masu bit 32 ne, galibi suna bukatar sashen direba mai bit 32, wanda sau da yawa ba a girka shi tare da ɗan'uwansa.

Kundin rahoto yana taimakawa, PROTON_LOG=1 ko WINEDEBUG=+d3d, sai dai a karanta shi da hankali. Wine takan rubuta layuka masu yawa da ke farawa da fixme, ma'ana wani abu ne ba a kammala ba, mafi yawansu kuwa ba su da alaƙa da matsalar. Wanda ya fi amfani shi ne layin da ya ambaci wani tsarin sutura ko wani yanayin zane da ba a gane ba a daidai lokacin da lahanin ya bayyana. Idan kuwa layukan launi irin na gwajin talabijin aka gani a inda ɗan fim ya kamata ya fito, wannan alama ce da Proton ke sawa da gangan don ya nuna bai iya buɗe tsarin fim ɗin ba. Katin hoto lafiyarsa ƙalau.

In duk wannan bai wadatar ba sai a koma ga apitrace, wadda ke naɗe duk umarnin da wasa ya bayar cikin fayil guda. Ana iya sake kunna fayil ɗin a wata na'ura ko ta wani tafinta ba tare da wasan ba, shi ya sa masu DXVK da Mesa suke neman sa daga mai kai ƙara. RenderDoc kuma tana buɗe hoto guda ta nuna yadda aka gina shi umarni bayan umarni, har a kai ga wanda ya ɓata ɗigon. Idan an san wasan ya yi daidai a tsohuwar sigar Wine ya lalace a sabuwa, akwai hanyar raba biyu: a gwada sigar da ke tsakiya, a jefar da rabin da ba shi da laifi, a sake raba ragowar. Canje-canje 1,000 gwaji goma suke bukata kafin a kama guda ɗayan da ya jawo abin, kuma rahoton da ya zo da sunan wannan canji shi ne aka fi saurin dubawa. Kafin a ɗauki wannan wahala dai, ya kyautu a leƙa AppDB na Wine da ProtonDB da PCGamingWiki, tare da lura da shekarar kowane bayani, domin maganin da ya yi aiki a 2012 yana iya zama shi ne cutar a sigar da ta biyo baya.

Mafaka ta ƙarshe ita ce a bar tafinta a koma kwaikwayo. PCem da 86Box suna iya gina kwamfuta mai Pentium II da Voodoo, a girka mata Windows 98 da direban asali, wasa ya sami jadawalinsa da hazonsa da yayyafinsa kamar yadda ya zata. Farashin shi ne sauri, domin kwaikwayon irin wannan furosesa yana cin ƙarfin na'urar yau matuƙa, kuma kusan a kan zuciyar furosesa guda nauyin yake sauka. Ko a nan ma akwai sauran tambaya ga manazarci. Wasa ɗaya a 1998 hoto uku yake da shi ko fiye: na Voodoo2 ta Glide, na RIVA TNT ta Direct3D, da na furosesa zalla, kowanne da launinsa da kaifinsa. Saboda haka duk wanda zai sa hoton tsohon wasa cikin takardar nazari, ya rubuta a ƙarƙashinsa sigar wasan, da tafinta ko manhajar kwaikwayon da ya bi da sigarta, da katin da aka kwaikwaya, da girman hoton, da kuma ko an gyara awon ɗigo.